Gurasar Gidan Dagdu

Duk unguwarsu a Nagpur babu mai son taron asuba na 'yan kishin Hindu kamar Kaka Pendse. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ko ana ruwa ko ana sanyi, yana fili da gajeren wando da sandar gora, yana sara wa tuta mai ruwan goro. Tsohon malamin lissafi ne, Brahmin gaba da baya, wato ɗan dangin da ake ɗauka sun fi kowa asali a cikin Hindu, kuma karatunsa ɗaya ne kullum: "Mu Hindu uwarmu ɗaya, ƙasarmu ɗaya. Babu babba, babu ƙarami!"

To, amma mutumin naku yana da sirri. Duk shekara ranar bikin Sankranti kowane gida kan aiko da gurasa filin taron, a cakuɗa a kwando ɗaya don kada kowa ya san ta gidan wa ya ci. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa kai girkin gidan dukawa ko masu shara bakinsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, in ji shi, maƙogwaro ne ya ƙi. Saboda haka matarsa Sulabha takan danna yatsa sau uku a gefen tata gurasar, shi kuma ya yi ta lalube wai yana neman mai laushi.

Bana Sulabha ta zame a banɗaki ta karya hannu, ba ta yi gurasa ba. Kaka ya so ya ce azumi yake, sai ga shi an gan shi da kofin shayi. Kash! Ga jawabi ya zuba mai zafi, ga kwando ya iso gabansa a hannun Dagdu Satpute, baduku, abokin sahunsa a filin na shekara talatin.

Kaka ya sa hannu yana juyawa, gumi na keto masa.

"Kaka, bar wahalar da kanka," in ji Dagdu. "Mai yatsa ukun ba ta zo ba bana."

Aka kwashe da dariya. Ashe kowa ya sani! Kunya ta rufe tsohon, ya rasa inda zai sa kansa. Dagdu ya zaro wata daga ƙasa ya miƙa masa.

"Wannan ta gidana ce. In ba za ka iya ba, wallahi ba zan riƙe ka ba."

Kaka ya gutsura, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, idonsa cike da ƙwalla.

"Ka gaya wa matarka gishiri ya yi kaɗan," in ji shi. "Miƙo wata."