Ranar da Na Zauna a Bencin Jiran Likita

Har yau ban manta da wata ranar Laraba ba, cikin damina, shekara biyu kafin in ajiye aiki. Ku da kuka same ni a sashen mata na asibitinmu a Talata Mafara, da farar riga kuka san ni. Ran nan kuwa da hijabi na zo, na rufe hanci da takunkumi, na zauna a bencin marasa lafiya da katina a hannu.

A lokacin ni ce babbar jami'ar jinya ta sashen, wato duk ma'aikatan jinya da ungozomomin wurin a ƙarƙashina suke. Ba mu da likitar mata ta dindindin. Akwai wata Dakta Rabi da ke zuwa daga Gusau ranar Larabar farko ta kowane wata, mu kuma mu tara mata matan da matsalarsu ta fi ƙarfinmu, daga Mafara da Bakura da ƙauyukan Maradun.

Al'adata ta ɗauke da shekara huɗu, sai na fara ganin jini. Kaɗan ne, ɗigo-ɗigo. Wadda ba ta san aikin ba tana iya cewa ba komai, amma ni na sani. Na sha riƙe wa likita fitila tana duba mace mai irin wannan jinin, na ga yadda sankara ke cin bakin mahaifa, na kuma san shirun da likita kan yi kafin ta yi magana. Wata uku na ɓoye abin, ko maigidana ban gaya wa ba. Sau biyu Dakta Rabi na zuwa ina shigar mata da matan mutane, ban ce uffan ba. A zuwa na uku na nemi hutun yini ɗaya, na yanki kati kamar kowa.

Sista Jamila, mai kiran sunaye ran nan, ta gane ni duk da takunkumin. Ta sunkuyo ta ce, "Mama, lafiya? Ki taso in shigar da ke yanzu."

Na ce, "Bar ni in bi layi."

Ta ɗauka tawali'u ne. Gaskiyar magana, jinkiri nake nema, idona kuma yana kan ƙofar fita. Gumin tafin hannuna ya jiƙa katin har tawadar ta fara narkewa.

Kusa da ni akwai wata mata siririya, za ta kai shekara arba'in da biyar, ƙafafunta duk laka. Muka gaisa, muka tambayi juna gida da ruwa da gajiya. Ta ce sunanta Hassi, daga wani ƙauye bayan Janbako, a kan babur mijinta ya kawo ta, kuma dole su koma kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki. Haihuwarta tara. Jini take gani duk lokacin da ta sadu da mijinta, yau wata biyar.

Ta matso ta rage murya. "Baiwar Allah, kin taɓa shiga wurin likitar ga? Mi ake yi ma mutum a ciki?"

Kafin in amsa ta ci gaba. "An ce ƙarfe suke sa ma mace, su fidda mahaifa ba ta sani ba. Matar wan mijina anka kawo bara, anka sa mata ƙarfen, ba ta yi wata biyu ba ta rasu."

Na tuna matar. Sai da ciwon ya gama da ita aka kawo ta, ba abin da za mu iya yi. Amma a ƙauyensu ƙarfenmu ne ya kashe ta.

Ana haka aka buɗe ƙofar ɗakin dubawa, wata ma'aikaciya ta fito da tiren kayan aiki, ƙarafan suna ƙara. Hassi ta miƙe tsaye ta ce, "Ni dai gida za ni. In mutuwa ce, ta same ni ɗakina."

Na kama gefen hijabinta. Ba zan ce muku tausayi kaɗai ya sa ba. Na san in ta fita, bayanta zan bi.

Na zaunar da ita, na ce ta saurare ni, zan faɗa mata komai daki-daki. Da farko za a gwada jininta a hannu, a auna nauyinta, a tambaye ta yaushe ta ga al'ada, haihuwa nawa, ɓari nawa, kuma duk abin da ta faɗa a ɗakin zai tsaya. Za a ce ta je ta yi fitsari don mara ta yi sauƙi. Akwai labule, ba namiji ko ɗaya, kuma ba tsirara za ta yi ba, za a lulluɓe ta da zane daga cibiya zuwa gwiwa. Likita za ta sa safar hannu ta danna cikinta. Sannan ƙarfen, mai kama da bakin agwagwa, ba ya yanka, ba ya fidda komai, buɗe hanya kawai yake yi don a haska a ga bakin mahaifa. Za ta ji sanyi da ɗan matsi. Za a shafa wani ruwa mai tsami a jira minti ɗaya, in akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Na ce ta riƙa jan numfashi ta hanci tana saki a hankali ta baki, kuma duk lokacin da ta ce a tsaya, za a tsaya.

Ta kalli hannuna da ke riƙe da hijabinta. Ta ce, "Ke da kika san duk wannan, mi ya sa hannunki ke rawa?"

Na sauke takunkumin. Na gaya mata a nan nake aiki, na gaya mata abin da nake gani da watannin da na yi ina ɓoyewa. Ita ce mutum ta farko da ta ji shi daga bakina.

Ta dube ni ta ce, "Ni ban san komai ba, tsoro nake ji. Ke kin san komai, tsoro kike ji. To ki shiga da ni, ni ma in shiga da ke."

Ƙa'ida ta yarda mara lafiya ta shiga da mace ɗaya da ta amince da ita. Da aka kira Hassi muka shiga tare. Dakta Rabi ta dube ni da mamaki, na miƙa mata katuna biyu, ta karanta nawa, ta ce mini, "Sista, ke ce ta biyu."

Na ɗauko ƙarfen na sa wa Hassi a hannu ta juya shi, ta taɓa bakinsa ta ji ba kaifi. Ta kwanta, ta damƙe yatsuna har suka yi tsami, amma ba ta ce a tsaya ba. Likita ta ga farin tabo ƙarami. Ta bayyana mata cewa abin bai zama sankara ba tukuna, kuma ana ƙone shi da na'ura a Gusau cikin yini ɗaya, ta rubuta mata takardar zuwa can.

Sai ni. Shekara ashirin da bakwai ina tsaye a gefen gadon nan, ban taɓa ganin silin ɗakin daga ƙasa ba. Gwiwoyina suka manne da juna, na kasa raba su. Na ji ƙarar ƙarfen a cikin tire. Hassi ta tsaya wajen kaina, ta ɗora tafinta mai kaushi a goshina, tana cewa, "Ja numfashi, Hajiya, yadda kika ce mini. Saki a hankali." Ƙarfen ya shiga da sanyi kamar ƙanƙara. Likita ta gyara fitila, ta yi shiru. Ban san tsawonsa ba, amma na karanta duk addu'ar da na iya.

Daga ƙarshe ta ce, "Akwai ɗan tsiro a bakin mahaifa. Bai yi kama da mugun abu ba, amma ba zan tabbatar miki ba sai an gwada." Ta cire shi nan take, aka sa a kwalba aka aika Sakkwato.

Mako uku na jira. Ina zuwa aiki, ina ba da umarni, hankalina kuwa yana Sakkwato. Ranar da sakamakon ya zo, na ba Sista Jamila ta buɗe, don ni na kasa. Ba sankara ba ce. Hassi ma ta je Gusau an yi mata aikin, bayan wata shida ta dawo aka duba, wurin ya warke.

Tun daga lokacin na canza tsarin sashen. Kowace safiyar ranar duba mata, ma'aikaciya ɗaya za ta zauna a benci tare da su, ba a tsaye a kansu ba, ta faɗa musu abin da za a yi tun daga kati har sauka daga gado, ta ba su ƙarfen su riƙe. A ɗumama shi da ruwan ɗumi kafin a sa. In likita tana dubawa, a riƙa gaya wa mace abin da ake yi, kada a bar ta cikin shiru.

Na yi shekaru ina daka wa mata tsawa, ina cewa su saki jiki, akwai mutane a layi. Ban san jiki ba ya sakuwa da umarni ba sai da na kwanta da kaina. Ku da kuke farawa, duk macen da kuka ga ta zauna a bencin nan, ku sani ta riga ta yi watanni tana kokawa da kanta kafin ta iso, kuma har a kira sunanta tana iya tashi ta tafi. Aikinku na farko shi ne ku sa ta zauna.