Malam Rabe Hana-Yafiya Ya Ajiye Aiki

Kullum da safe, kafin ya wuce ofis, sai Malam Rabe ya jingine tsohon babur ɗinsa a ƙofar asibiti ya leƙa ɗakin masu karaya. Masinja ne a wani ofishin lauyoyi da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, nan Kawo. Ba wanda ya sa shi wannan leƙen. Tambayarsa ɗaya ce ga ma'aikatan jinya: "Wa mota ta kawo jiya?"

Kowa ya san halinmu. Mota ta kife da mutum, tun bai gama farfaɗowa ba mai mota zai iso da dattawa biyu da kwandon lemo, a yi jaje, dangi su ce ƙaddara ce, an yafe. Shi ke nan, a bar mutum da sanda. Wannan gaggawar ce Malam Rabe ya ƙi jini, har masu motoci suka laƙaba masa Hana-Yafiya. Shi kuwa ya karɓi sunan, yana ma amsawa.

Ku tambayi Binta mai ɗinki ta Unguwar Kanawa. Tayar bas ta fashe da su wajen Rigachikun, ƙafar dama ta karye, ƙafar da take taka keken ɗinki da ita ta ciyar da 'ya'yanta. Washegari ga Alhaji mai bas da tawagarsa. Kawunta Shu'aibu ya gyara murya zai yafe ke nan, sai Malam Rabe ya ja kujera ya zauna.

"Kawu, ƙafar taka ce?"

"A'a, ta 'yata ce."

"To a bari allura ta saki mai ƙafar."

Wani dattijo ya harzuƙa: "Kai Malam, ba ka yarda da ƙaddara ba ne?"

"Na yarda mana, Baba. Amma tayar nan ta yi sanƙo tun bara, duk tasha an sani. Diyya kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba, a addini na same ta."

Ya miƙa hannu cikin kwandonsu ya ɗauki lemo ya ɓare. Haka suka tashi ba yafiya, lemon ma ya ragu.

Daga nan wahala ta fara. Shi ya bi likita har ya rubuta irin raunin. Shi ya yi ta sintiri a tashar Kawo yana lallashin fasinjojin da suka tsira su zo shaida. Shi ya kawo Lauya Umaima ta ofishinsu har bakin gado. Da maƙwabta suka dami Binta da cewa abin kunya ne ta kai ɗan'uwa Musulmi ƙara, ta yi kuka ta ce a janye. Ya ce, "'Yar nan, in kin janye, su za su yi miki ɗinkin?" Duk ranar zama shi ke tare mata Keke Napep, aka yi ta ɗage shari'a, bai taɓa fashi ba.

Ƙarshe kotu ta ce a biya. Aka biya. Binta ta sayi keken ɗinki na lantarki wanda ƙafar hagu ma ta ishe shi. A harabar kotu ta dogara sandarta ta dubi mai bas ta ce, "Alhaji, yanzu na yafe." Har shi Alhajin sai da ya yi dariya.

Malam Rabe, kai ne ba ka da rigar lauya amma ka tsaya inda dangi suka ji nauyi. An zage ka, an ce kana raba zumunci, ka shanye. Wannan watan ka ajiye aiki, gwiwa ta gaji. Mun gode, Allah Ya saka, Ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ku kuma da kuka rage, aikin nan ba ya buƙatar digiri. In kun je duba mai rauni kuka tarar tawaga ta riga ku, ku zauna. Kada ku tashi sai sun tashi.