Musyu Pita a Saman Hasumiya

Har yau idan na ɗaga kai na kalli wata hasumiya a unguwar Darrasa ta birnin nan, ranar nan ce ke faɗo mini a rai, ranar da Musyu Pita ya kusa mutuwa a hannuna. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku tarar da shi ba, don haka bari in fara da ko wane ne shi.

Injiniya ne ɗan ƙasar Beljiyam, gwanin gyaran tsofaffin gine-gine. Ni kuwa daga Damagaram na zo karatu, da na kammala sai kamfani ya ɗauke ni tafinta, tunda ina jin Faransanci da Larabci. Tsarin aikin haka yake: injiniya ya duba gini ya faɗi abin da za a yi, ni in juya maganar, Usta Hamdi shugaban magina ya raba wa mutanensa aiki. Faransancin ma ba shi ne harshen gidansu Musyu Pita ba. Yana da wani yare nasu na arewacin ƙasar da yake yi da matarsa a waya, wanda ban san ko kalma ɗaya a ciki ba.

Mutum ne mai son garin nan. Da keke yake zuwa aiki daga unguwar Abbasiya, cikin motocin da ko mu da muka daɗe muke tsoron tsallakawa. Ya iya cin ful, dafaffen wakensu, a tsaye a bakin amalanke, ya iya cewa ma'alish da tamam, wato ba komai da daidai ne. Abin da kawai yake kewa, in ji shi, shi ne ruwan sama.

A watan azumi ne, muna gyaran hasumiyar wani tsohon masallaci. Dokar aiki ita ce ba mai hawa shi kaɗai, kuma duk wanda ya fita baranda ta sama sai ya maƙala igiyar ɗamararsa a ƙarfe, domin an cire dutsen da ya kewaye barandar za a sake shi. Bayan la'asar Musyu Pita ya ce in raka shi ya duba wata tsaga. Matattakalar ciki ƙunci gare ta, tana murɗewa cikin duhu, mutum ɗaya take ci. Muka hau, muka maƙala igiya, ya durƙusa yana awo.

Can sai na ga gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, abin awon ya suɓuce daga hannunsa. Na ce, "Musyu, lafiya?" Ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya daka mini tsawa da yaren nan nasu. Mutumin da ko ƙuda bai taɓa yi wa tsawa ba. Kafin in ankara ya sa hannu ya ɓalle igiyarsa, ya miƙe yana tangaɗi ya nufi bakin baranda.

Na rungumo shi ta baya muka zube tare. Ya fi ni jiki nesa ba kusa ba, yana ta fizga, ƙafarsa ɗaya tana lilo a waje. Daga inda nake kwance ina hango rufin motoci ƙanana a ƙasa. Igiyata kaɗai ke riƙe da mu, ban kuma san ko za ta ɗauki nauyin mutum biyu ba. Ba zan ɓoye muku ba, bayan tsoron mutuwa akwai wani tsoron: Bature ya faɗo daga hasumiya, babu kowa tare da shi sai baƙo baƙar fata. Wa zai saurare ni? Na tuna uwata a Damagaram, na tuna irin labarin da za a kai mata.

Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, shi kuma yana ta surutu. Ga ni tafinta, amma ban gane komai ba. A hankali ƙarfinsa ya fara raguwa, wannan kuwa ya fi fizgar ba ni tsoro. Sai na lura wayarsa tana ta ƙara a aljihun gaba. Na zaro ta da hannu ɗaya, na ga ja a fuskarta da kibiya mai nuna ƙasa, da kalma ɗaya da na gane, wadda ke nufin sukarin jini. Ashe yana da ciwon sukari, kuma sukarin ne ya yi ƙasa.

Na leƙa na ƙwala wa Usta Hamdi kira da Larabci, "Ya Usta, sukari! A kawo abin zaƙi!" Amma azumi ake, mai shayinmu bai buɗe ba, babu mai ko alewa a aljihu. Na ga Usta, dattijo mai ciwon gwiwa, ya ruga bakin titi wurin wata mata da ke ƙulla ruwan tsamiya mai zaƙi a leda don buɗa baki. Jiran da na yi kafin in ji numfashinsa a matattakala, ban taɓa yin irinsa ba.

Da ya iso ya ja mu ciki, ya tallafe kan Musyu Pita a cinyarsa, ya huda ledar da tsinke. Allah ya sa yana iya haɗiya. Kaɗan-kaɗan muka riƙa ba shi har idonsa ya dawo daidai. Ya dube mu ya ce da Faransanci, "Mamman, me muke yi kwance a nan?"

Sauko da shi ma aiki ne. Usta a gaba, ni a baya riƙe da ɗamararsa, yana zaune yana jan jiki taki bayan taki. Motar asibiti ta tarar da mu a gindin hasumiya.

Da ya dawo aiki Usta ya tare shi, ni ina fassarawa. Ya kira shi babban injiniya da Larabci, ya ce, "Ya bash muhandis, me ya hana ka cin abinci?" Musyu Pita ya sunkuyar da kai ya ce ya yi allurarsa ta sukari da safe kamar kullum, amma ya ji kunyar ci a gaban mutanen da ke sassaƙa dutse cikin rana ba ko ruwa, kuma bai so a san ciwonsa a riƙa tausaya masa. Usta ya ce, "Gaya masa ko Musulmi ne mai irin ciwon nan, Allah ya ɗauke masa azumi. Khalas, shi ke nan. Daga yau a gabana zai ci." Haka aka yi har salla. Kullum da azahar Usta zai ajiye masa kujera a inuwa ya tsaya a kansa, shi kuma yana tauna burodi fuskarsa ja wur.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan mun iya duba igiya da ƙarfe da tsagar bango, amma ba ma tambayar mutum abin da ke jikinsa, mutane kuwa kunya na sa su ɓoye abin da zai kashe su. Shi ya sa kafin in hau da ɗayanku nake tambaya ko yana shan wani magani, ko ya karya. Na san wasunku na cewa Malam Mamman ya cika bin ƙwaƙƙwafi. Ku faɗa, amma ku ba ni amsa tun muna ƙasa.