Ƙibar Gidanmu

Ranar Alhamis ce, makon ƙarshe kafin hutun damina, ina aji huɗu a firamare a Gumel. An fita tara, mu 'yan mata muka taru a gindin darbejiya muna gaɗa. Da layi ya zo kaina, na juya baya na saki jiki kamar yadda kowa ke yi, sai ni da masu tarata su biyar muka zube a yashi gaba ɗaya. Muka yi ta dariya har da hawaye, ni ma na fi kowa ƙyaƙyatawa. Daga ranar aka kafa mini doka: in Binta za ta faɗa, sai an kirawo 'yan aji shida.

Ban taɓa jin haushi ba, domin a gidanmu ƙiba abin alfahari ce. Babanmu direban babbar mota ne, yana kai hatsi Maigatari, da ƙyar tumbinsa ke shiga bayan sitiyari. Ba ya dawowa sai da tsarabar dogon burodin Nijar da madarar gwangwani, mu tsoma a shayin da ya sha sukari. Kakarmu Hajiya Yalwa ke rabon tuwo, malmala bibbiyu, ta kwarara man shanu. In maƙwabta suka ce na cika jiki, sai ta shafa kaina ta ce, "Jinin gidanmu ne, mu ba mu iya rama ba." Ina surfe, ina ɗebo ruwa, da kaka in bi su Inna cirar gyaɗa a Gagarawa, sai dai nakan riga kowa neman inuwa.

Bara na kai 'yata Ummi asibiti saboda yawan haki. Likitar ta duba baƙin da ke bayan wuyanta, wanda na sha gurzawa da soso ina zaton dauɗa ce, ta ce ƙiba ce ta jawo shi kuma yana iya zama alamar suga, sannan ta tambaye ni, "Hajiya, a danginku akwai mai ciwon suga ko hawan jini?" Na soma jero su: Baba, Gwaggo, yayana Sabo, ga Hajiya Yalwa da shanyewar ɓarin jiki ta yi ajalinta. Likitar ta ce ni ma in miƙo hannu. Ashe nawa jinin ya daɗe da hawa.

Yanzu kullum bayan la'asar ni da Ummi muna zaga unguwa a ƙafa. Masu adaidaita su yi ta tsayawa suna cewa, "Hajiya, ina zuwa?" Ummi ta amsa, "Magani muke sha!" A da, in ana son ka a gidanmu ƙari ake yi maka, yau don ina son 'yata nake rufe tukunya. Ina kewar wancan gida, amma ina so in ga jikokina.