Takabar da ta ɓoye ciwona

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, kuma abin da zan faɗa yau ko ɗiyata Rabi ba ta san shi duka ba. Madam Saratu, maƙwabciyarmu ta dā a Tawa, ta rasu makon jiya. Tun da na dawo daga gaisuwa na kasa yin shiru.

Mijina Isuhu ya rasu a hanyar Tebaram, a shekarun da ma'aikata ke yin wata da watanni ba albashi. Ya bar ni da Rabi, ba a daɗe da yaye ta ba.

Bayan sadakar bakwai barci ya ƙaurace mini. Na riƙa jin muryarsa yana kirana daga zaure, in tashi in buɗe masa. Na bar cin abinci, don muryar ta ce in jira shi.

Inna, mahaifiyata, ta kai ni asibiti. Aka yi mini allura, aka rubuta ƙwayoyi. Lokacin an karya darajar sefa, magani ya yi tsada, sai da Inna ta sayar da tunkiyarta. Gaskiya maganin ya yi aiki. Muryar ta tafi.

Sai wani abu ya zo a madadinta. Jikina ya ƙage. Wuyana ya ƙi juyawa, harshena ya yi nauyi, hannuna yana rawa a kan cinya. Yawu yana zuba ina sharewa da gefen mayafi.

Ba wanda ya lura, domin ina cikin takaba. Mai takaba ana son ta zauna wuri ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta rage magana, ta yi tafiya a hankali. Ciwon ya yi mini duk wannan. Mata masu zuwa gaisuwa har yabona suke yi: "Ku dubi Hawwa, ko ido ba ta ɗagawa. Haka ake takaba."

Ni kuwa ina ciki ina son in ce ku taimake ni.

Wata safiya ina ba Rabi kunu, hannuna ya yi rawa, ya zube mata a ƙirji. Ta ƙone. Malam Mamman, wan mijina, ya zo daga Bambeye ya ga tabon. Bai yi faɗa ba, mutumin kirki ne. Ya ce wa Inna, "In ta hita takaba zan tahi da ɗiyar. Uwar ba ta cikin hankalinta."

Ina jin su. Ina cikin hankalina sarai. Bakina ne ya ƙi.

Madam Saratu matar wani malamin makaranta ce, Kiristoci ne daga kudu. Ba ta tashi cikin takaba irin tamu ba, shi ya sa idonta bai ga ladabi ba, ciwo ya gani. Ta miƙo mini ƙoƙon fura ta tsaya tana kallon yadda nake karɓa.

"Inna, yarinyar nan ko ƙifta ido ba ta yi. Mu mayar da ita wurin likita."

"Mai takaba ce, ina za ta?"

"To ku tambayi malamanku, in an hana mara lafiya fita ni zan yi shiru."

Aka tambayi liman, ya ce lalura ce, a kai ni.

Likitan ya kama hannuna ya lanƙwasa ya miƙar, hannun yana tafiya yana sarƙewa. Ya sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Ya karɓi ƙwayoyin ya duba. Sannan ya yi mini bayani a hankali, ni ya kalla, ba Inna ba.

Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dopamin. In aikinsa ya wuce kima a wani ɓangare, mutum na iya jin muryar da babu. Maganina yana tare masa hanya. Amma shi ɗin ne kuma ke sa jiki ya motsa da sauƙi, kuma an tare shi fiye da yadda jikina zai ɗauka.

"Muryar da kika ji da hannun da ya ƙi ki, gida ɗaya suka fito," in ji shi. "Mu masu duba taɓin hankali da masu duba jijiya, ƙwaƙwalwa ɗaya muke dubawa."

Na tattara ƙarfina na ce, "Zan warke?"

"Wannan kam yana sakin mutum, in sha Allah."

Ya rage maganin, ya ƙara wata ƙaramar ƙwaya, ya ce kar in kuskura in daina sha da kaina. Muka riƙa komawa, Madam Saratu na riƙe da hannuna, muna zama kan benci tun safe har rana ta take.

Wuyana ne ya fara saki. Sannan harshe. Hannu ya zo daga baya.

Ranar da Malam Mamman ya dawo da niyyar tafiya da Rabi, ya same ta zaune tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso. Layin ya karkace, amma ni na yi shi. Na gaishe shi da bakina. Ya ƙura mini ido.

"Hawwa, ke ce?"

"Ni ce, Yaya."

Ya sha ruwa, ya shafa kan yarinyar, ya koma Bambeye shi kaɗai.

Na ci gaba da shan magani har likita ya sallame ni. Muryar ba ta dawo ba. Kewar Isuhu kam tana nan, wannan ba ta da ƙwaya.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna, Allah ya ji ƙanta, da likitan da ya yi magana da ni kamar mai hankali.

Ku kuma, in naku yana shan maganin ƙwaƙwalwa kuka ga jikinsa ya ƙage ko yana rawa, kada ku zubar da maganin, kada kuma ku zuba ido. Ku koma wurin likita da ƙwayoyin a hannu. In kun je gaisuwa kuka ga mai takaba ta cika shiru, ku miƙa mata wani abu ku ga yadda za ta karɓa.

Rabi, ke kika raka ni gidan rasuwar Madam Saratu, kika yi mamakin yadda na fi danginta kuka. Yanzu kin sani. Ba don ita ba, da a Bambeye kika girma.