Lallen Gwaggo Hawwa da Hoton Dunduniya

Duk wanda ya zauna a layinmu na Umbadda, nan Umdurman ta Sudan, ya sani, ba a taɓa ganin tafin ƙafar Gwaggo Hawwa fari ba. Tun ranar da aka kai ta ɗakin Baba Idi, lalle ɗaya ba ya gama koɗewa sai ta ɗora wani, baƙi wuluk irin na matan Umdurman. Ni ɗiyar ƙaninta ce, a hannunta na tashi, kuma na rantse muku ban san kalar dunduniyar matar nan ba sai da na haifi 'ya'ya biyu. In ka yi magana ta ce, "Ido baƙo ne. Ana tarbar baƙo da tsumma?"

Kun tuna ranar da zazzaɓi ya kayar da ita? Jiki kamar garwashi, haƙora na haɗuwa, na kira raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar gida. Na shiga ɗaukarta, sai na tarar da ƙafafu biyu a naɗe cikin leda.

Na ce, "Gwaggo, mutuwa fa kike yi!"

Ta ce, "To ta jira lallen ya kama."

Da ƙyar muka ciccibe ta. Haka muka ratsa Umbadda, ita a kishingiɗe, ƙafafu a waje suna lilo. Mai raksha ya waiga ya ce, "Ya Hajja, asibiti za mu ko gidan biki?" Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Kai dai ja, ya walad, ka kauce wa rami."

To, irin wannan matar ce na ga ta fara ɗingishi. Wata rana tana wanke ƙafa za a sa mata sabon ƙunshi, na tsugunna na duba. Na ƙara matsawa kusa. A dunduniyar dama akwai tabo baƙi wanda ba na lalle ba, bakinsa a karkace, gefe ɗaya yana tsattsafar da jini.

Ta janye ƙafa ta ce, "Ƙaya ce. Tun muna tsinkar auduga a Jazira take nan."

"Ƙayar da ta shekara hamsin, yau ta tuna da ke?"

"Ke ba ki san ƙayar Jazira ba."

Maƙwabciyarmu Batula tana da 'ya, Salma, likitar fata ce tana aiki a ƙasar waje. Muka kira ta. Ta ce ba sai mun sha layin asibitin Khartum ba tukuna, mu ɗauki hoton wurin da waya mu tura mata, ita za ta gaya mana ko abin gaggawa ne. Gwaggo ta amince ba gardama, ta ce in dawo gobe. Da na san hali, da tun a nan na yi zargi.

Washegari na zo da wayata, na same ta a kan angarib, gadonta na igiya, ta sha sabon tob, lulluɓin matan Sudan, har da turare. Ta miƙo ƙafa tana murmushi. Jama'a, na yi salati har sau uku! Ta kira mai ƙunshi tun da sassafe, an zana mata fure a dunduniya, an mai da tabon nan tsakiyar furen.

"Gwaggo! Me kika yi haka?"

"Hoto fa kika ce. Ƙafata za ta haye teku, ta tafi tsirara?"

Na tura hakanan don Salma ta ga abin da nake fama da shi. Ta aiko da murya tana cewa, "Ya salam, wa ya yi wannan zane? Amma ina ciwon?" Gwaggo ta sa na maimaita mata rabin farko sau huɗu. Rabin ƙarshen kuwa ta ce ba da ita ake ba.

Salma ta daina dariya ta yi mana bayani. Ta ce a fatarmu baƙa, irin tabon da ake tsoro ya fi son tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, inda ba mai dubawa. Ta ce dole sai ta ga launinsa da bakinsa sarai, don haka a daina lalle har ya koɗe, ko kuma mu tafi asibiti yanzu.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Asibiti kan ƙaya? Abadan! Kuma in daina lalle? Mijina da ransa? Ke Salma, kin manta garinku ne? Matar da ta fita da farar ƙafa a Umdurman takaba take yi. So kike mutane su shigo yi mini gaisuwa, Malam na zaune yana shan gahawarsa ta jabana?"

Aka yi rarrashi, aka yi faɗa, ta ƙi. Kwatsam bayan kwana biyu Salma ta kira ni, ta ce an turo mata hoton ƙafa tas ba lalle ba tabo, wai ta Gwaggo ce. Ashe Gwaggo ce ta lallaɓa gidan wata mai jego a bayan layi, ta sa aka ɗauki hoton ƙafar mai jegon.

Salma ta ce, "Ya Hajja, wannan ƙafar ba ta kai shekara talatin ba. Kuma ta hagu ce."

Gwaggo ko gezau. Cewa ta yi, "To ba ga shi kin ce lafiyarta lau ba? Duk ƙafa ƙafa ce."

Ranar na yi kuka don takaici. Ina ganin abu yana cin matar da ta raine ni, ita kuma tana wasan ɓuya da likita.

Wanda ya warware mana shi ne wanda ba mu zata ba. Baba Idi kun san shi, tela ne a Kasuwar Libiya ta nan Umdurman, sai ya wuni bai haɗa kalma goma ba, kuma bai taɓa musa wa Gwaggo ko a kan gishirin miya ba. Ana sallame la'asar a masallacin layi, sai ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Ya jama'a, iyalina za ta daina lalle. Ni ne nan, da raina, alhamdu lillahi. Kowa ya gaya wa matarsa, kada wanda ya zo gidana ta'aziyya."

Liman ya saki baki, na sahun baya suka tuntsire. Kafin Baba ya iso gida labari ya riga shi. Gwaggo ta tare shi a ƙofa ta ce, "Malam, ka tona ni a masallaci?" Ya ce, "Halas, Hawwa. Na gama." Ya wuce ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara sa lalle ba, sai dai safa ta maye gurbi, a zafin nan na Umdurman.

Sai da aka fi wata kafin fatar ta fito. Na ɗauki hoton a tsakar gida da hasken rana, na ajiye tsinken ashana a gefe don a ga girmansa, yadda Salma ta koya mini. Tabon ya fi yadda na bar shi. Wannan karon ba ta aiko da murya ba, kira ta yi.

Ta ce, "Maryama, hoto ba ya yanke hukunci. Amma kada ku kai jibi. Ku haye Khartum a yanki kaɗan a gwada. Akwai kaluluwa a cinyarta?"

Na juya na tambayi Gwaggo. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta daɗe."

Na zauna a ƙasa. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya wuce dunduniya. Aka yi aiki, aka yi magani, ba ta cika shekara ba.

A kwanakin ƙarshe Baba Idi ya rufe shago, yana zama gefen gadonta yana mata fifita. Ina wurin ta dube shi ta yi 'yar dariya, muryar da ƙyar take fita.

"Malam, ka ga ikon Allah. Ni ina gudun a yi mini gaisuwarka, ashe kai za a yi wa tawa."

Maficin ya tsaya cak a hannunsa.

Ranar da aka kai ta, mutanen masallacin nan duka suka zo, har waɗanda suka yi dariya a sahun baya. Suka zauna a tabarma. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Na hana ku zuwa." Sai ya rufe fuska da hannun riga.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Allah ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinki, ya ba Baba Idi haƙurin zaman gidan da babu muryarki. Amin.