Man Giya da Idon Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Wurno kuma ina taɓa noman albasa da rani, na sayi motata ta farko. Ta hannu ce, ta sha duniya kafin ta zo gare ni, irin mai canza giya da kanta ɗin nan da ake ce wa otomatik. Wata biyu tana tafiya lafiya lau, sai ta tsiro da wani hali. In za ta canza giya sai ta yi jinkiri, injin ya yi ta ihu, can kuma ta fizga gaba da ƙarfi har ƙeyar mutum ta bugi kujera.

Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin zama ina kallon abu ya lalace ba. A fadama, duk wanda injin ban ruwansa ya ƙi tashi ni yake nema. In kwance, in wanke, in hura, in ɗaura, kuma sau da yawa ya tashi. Har manoma suka laƙaba mini injiniya. Su da wasa suke faɗa, ni kuwa abin ya shiga kaina ya yi zaune.

A wannan lokacin ciwon yanar ido ya rufe wa mahaifiyata ido duka biyu. Mace ce da ba ta iya zama ba, ita ce shara, ita ce tankaɗe, ita ce zuwa barka da gaisuwar mutuwa, amma ga ta sai matata ta kama hannunta sannan take zagawa bayan gida. Wannan ya fi komai ci mata rai. Da ƙyar muka samu kati na wasu likitocin ido da kan zo Sakkwato lokaci-lokaci su yi aiki su koma. An rubuta mana Talata, aka kuma ja mana kunne cewa mu iso kafin ƙarfe tara, don da zarar sun rufe rajista shi ke nan sai wani zuwan.

Yayana yana aiki a Sakkwato, amma a makon yana Kaduna wurin wani kwas. Ya kira ni ranar Asabar.

"Zan sa abokina ya zo da mota Litinin ya ɗauko Inna," in ji shi. "Ta kwana gidana, da sahe sai asibiti."

Na ji abin ya sosa mini rai. Shekara da shekaru duk abin da ya shafi mota shi ake jira, yau ga tawa a ƙofar gida kuma a ce sai an aro ta wani.

"Haba Yaya, ga mota gida? Ni za ni kai ta."

"Motar taka lahiya take?"

"Garau," na ce masa.

Ina kashe wayar hankalina ya koma kan fizgar nan. Na dinga hango mahaifiyata an naɗe mata ido muna dawowa, mota na wurgi da kanta gaba da baya. Na kasa cin abinci sosai. Na fita na zagaya motar, na dawo, na sake fita. Abokina da muke koyarwa tare ya ce in kai ta Sakkwato gobe, akwai masu gyaran irinta. Na ce masa makanikan birni sai su riƙe mini ita mako guda, alhali gaskiyar magana hannuna ne ke ƙaiƙayi.

Lahadi da hantsi na nemo bidiyo a waya, wani Bature kwance ƙarƙashin mota irin tawa. Ya ce yawanci in giya na fizga, manta ne ya tsufa ko ya ragu, ya nuna notin da ake kwancewa a tsiyaye shi. Surutunsa ya yi mini yawa, na riƙa tsallakewa. Daidai inda ya ɗauko galan zai zuba sabon mai data ta ƙare. Na ce ai sauran ba sai an koya mini ba.

Na hau da ƙafafun gaba kan bulo, na shimfiɗa buhun taki, na shige da sifana da tsohuwar roba. Da notin ya fita sai ga mai yana zuba ja-ja-ja, tsararo kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na shafa a yatsa biyu na murza, yadda muke gwada man injin ban ruwa. Ba kauri, ba danƙo. Duk man da na sani a rayuwata ko dai baƙi ne ko ruwan zuma, kuma mai kyau shi ne mai kauri. Nan take na yanke hukunci cewa wanda ya sayar mini da motar ya cuce ni, wani gurɓataccen abu ya ɗura mata. Har na kira matata na nuna mata robar, ina cewa ta zo ta ga rashin tsoron Allah.

Na hau babur ɗin maƙwabcina na je wurin mai sayar da mai a bakin tasha, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Na ce ya ba ni man giya mafi kauri da yake da shi. Ya ɗauko galan, amma bai sake mini ba.

"Malam, motar taka mai kuloci ta, ko wagga ta zamani?"

"Baba, giya dai giya ta. Ba ni kawai."

"Ni dai na ji ana cewa waɗanga nasu man daban na."

"Na ga nasu ɗin, shi niz zubar yanzu."

Ya dube ni, ya saki galan ɗin. Har yau ina tuna yadda ya dube ni.

Ta wani siririn bututu ake zuba man, inda sandar awonsa take. Na sa mazurari na tuttula, ya ƙi wucewa don kauri, yana sauka kaɗan-kaɗan. Duk mai hankali nan zai tsaya ya tambayi kansa. Ni kuwa sai na ajiye galan ɗin a rana ya yi zafi ya saki, na dawo na ci gaba da ɗurawa ina jin daɗin dabarata. Bayan la'asar na zagaya da motar cikin gari a hankali, ban ko bari ta kai inda take fizgar ba. Na ji ta yi nauyi, na ce ai lafiya ce ta samu. Litinin ban taɓa ta ba, na wanke ta kawai.

Talata muna idar da sallar asuba matata ta kamo hannun mahaifiyata ta zaunar da ita a kujerar baya. Mahaifiyata ta sa sabon zanenta, katin yana ƙulle a bakin gyalenta. Na tayar da mota na sa giya, ta ƙi motsi. Na taka totur, shiru, can ta ɗauka da wani irin gurnani. Muka fita gari tana ja da ƙyar, ta maƙale a ƙaramar giya, injin na kuka kamar ana yanka shi. Na kafa ido ga hanya ina ta ƙirga garuruwan da suka rage.

"Mi ka wari haka?" in ji mahaifiyata.

"Ba komai Inna, sabon mai na."

Ba mu kai Achida ba motar ta saki gaba ɗaya. Injin na aiki, ina taka totur yana amsawa, amma ƙafafu ba su juyawa. Wasu mutane da ke tafiya gona suka zo da niyyar alheri, suka ce a tura ta za ta ɗauka. Suka tura har suka haɗa gumi, abin da muka samu kawai shi ne ta sauka gefen titi.

A nan ne na yi babban laifin, wanda ya fi zuba man. Ƙarfe bakwai bai yi ba. Da na kira yayana a lokacin, abokinsa zai zo ya ɗauke mu mu isa a kan kari. Na ciro wayar ya fi sau biyar ina mayarwa aljihu. Na buɗe bonet, na rufe. Na zaro sandar awo na ga man ya yi kumfa, na goge na mayar. Na ce bari ta huce, na ba ta minti goma, na gwada, na ƙara mata goma. Na je na dawo a gefen titin nan har na san kowane dutse. Mahaifiyata na zaune da carbinta, lokaci-lokaci ta kai hannu ta taɓa ƙullin katin ta ji ko yana nan.

Da na haƙura na fara tsayar da motocin haya, duk wadda ta taso daga Goronyo a cike take fam, mutane da buhunan albasa har saman but. Sai wajen goma saura kaɗan wani direba ya ji tausayinmu, fasinjoji suka matsa, wani ya koma gaba suka zauna su biyu. Mun shiga asibitin sha ɗaya ta wuce. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya duba katin, ya ce an rufe tun ɗazu. Na roƙe shi, na bi wani likita har bakin ɗakin aiki ina magiya. Ya ce mini cikin mutunci kayan aikin da suka zo da su an riga an ƙididdige su da mutanen da ke ciki, mu saurari zuwansu na gaba.

Mun dawo gida ana kiran la'asar. Ba a jima ba yayana ya kira, ya ce in ba shi Inna. Ba ta iya laluben waya, don haka ni na riƙe mata a kunne, ina jin duk abin da yake faɗa. Ya tambaya yaya idon. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗora hannunta kan gwiwata ta danna.

"Ba a yi ba," ta ce. "Ni nim makarar da mu. Tsoro yak kama ni da sahe, nis shige ɗaki niƙ ƙi hitowa."

Yayana mutum ne mai zafi. Ya hau ta da faɗa, irin faɗan ɗa da ya damu da uwarsa, amma faɗa ne. Ya ce an sha wahala an samo kati ta watsar, ya ce wannan ba halin manya ba ne. Ita kuwa sai "to" take cewa, "a yi haƙuri." Ni na riƙe wayar har ya gama.

Motar a kan babbar mota aka kai ta Sakkwato. Makanikin ya sunsuna sandar awo, ya kira abokan aikinsa su zo su gani, suka yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce jan man nan da na zubar shi ne nata, haka ake yin sa, tsufa kawai ya yi, da na canza shi da irinsa na sa sabuwar filtar tace mai da ta daina fizga. Sau uku ya wanke giyar, ya canza wasu faya-faye da na ƙone. Ta tashi, na ƙara shekara huɗu da ita.

Mahaifiyata kuwa wata biyar ta ƙara a cikin duhu kafin likitocin su dawo. Wata biyar matata na kama hannunta zuwa bayan gida, ina zaune ina gani. A karo na biyu tun ana gobe muka tafi a motar haya. Aka yi aikin, Allah ya sa aka dace, ta dawo ta karɓe tsintsiyarta.

Har yanzu ina taɓa gyare-gyare, hali ba ya barin mutum. Amma na koyi tsayawa in mai abu ya riƙe galan bai sake mini ba. Zuba man bai cika damuna ba, jahilci ne kuma an yi dariyarsa an wuce. Abin da ke hana ni sukuni in na tuna shi ne awa ukun nan a gefen titi da waya a aljihuna, da shirun da na yi ana yi mata faɗa a kan laifina.

Sai bayan shekara biyu na iya faɗa wa yayana gaskiya, ranar wata Sallah muna zaune a zaure. Bai zage ni ba. Ya tashi ya shiga cikin gida. Na bi bayansa na tarar ya durƙusa gabanta yana neman gafara. Ta ce masa ya tashi, ba komai. Sannan ta juyo ta dube ni sosai, ranta a ɓace.

"Ni nir ruhe abuna," ta ce. "Kai wa yac ce ka buɗe?"